Sai da Iso: Yadda Za Ka Buga Golf a Kulob ɗin da Ba Ka Cikin Mambobinsa

Wata safiyar Asabar, shekarun baya, na tsaya a bakin ƙofar wani kulob ɗin golf da jakar sanduna a kafaɗa. Daga Garwa na taso, sandunan na aro ne, takalmin kuma sabo fil. Mai gadi ya amsa sallamata da fara'a, ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango, ya ce, "Alhaji, baƙon wa?" Na ce ba baƙon kowa ba ne, na zo in biya in buga. Ya rufe littafin a hankali, ya ce in yi haƙuri, yau gasar mambobi ake yi, kuma ko ba gasa, sai da sunan mamba a gefen nawa. Bai yi mini laifi ba, aikinsa ya yi. Ni ne na je gidan mutane ban nemi iso ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san iso. Kana isowa zaure ka tsaya, a shiga a faɗa wa mai gida ga wane, sannan a ce ka shigo. Kulob ɗin mambobi haka yake. Mutane ne suka haɗa kuɗi suna biya duk shekara don a shayar da ciyawa, a biya ma'aikata, su kuma su sami fili babu cunkoso. Wanda ya shigo da kai ya sa sunansa a kanka, abin da ka aikata a ciki shi za a tambaya. In ka riƙe wannan, sauran matakan duk za su zo maka da sauƙi. Na rubuta su ne don 'yan'uwa na Garwa da Marwa da Ngaundare, da na Kusiri da Njamena, waɗanda kasuwa ko aiki ke kai su manyan birane, suna hango koren filin nan ta bayan shinge suna sha'awa.

Mataki na farko: san irin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Ba duka kulob ne ƙofarsa a garƙame ba. Akwai wanda in ba mamba ne ya riƙo hannunka ba, ko nawa gare ka ba ka shiga. Augusta National da ke jihar Jojiya a Amurka, inda ake gasar Masters kowane watan Afrilu, shi ne babban misali: ba a ma neman zama mamba a can, sai dai a gayyace ka, kuma sai a 2012 suka karɓi mata. Akwai kuma kulob na mambobi da ke ware wa baƙi ranaku. Muirfield a Sikotilan, duk da tsufansa da tsauri, yana karɓar baƙi ranakun Talata da Alhamis in sun yi rajista tun da wuri. Sai kuma filin da kowa ke iya bugawa in ya cika sharuɗɗa, kamar tsohon filin St Andrews, inda ake jefa ƙuri'a don zaɓen waɗanda za su buga, kwana 2 kafin ranar wasa.

Yawancin na yankinmu suna aji na tsakiya, kuma wannan albishir ne. Filayen da aka fi sani a Kamaru suna kudu: na Yawunde a gindin dutsen Febe, ba nisa da unguwar Birkitiri inda da yawanmu ke sauka, da na Likomba a Tiko. A Najeriya akwai na Kano da na Kaduna, da Rayfield na Jos wanda ya faro tun 1913, da IBB na Abuja, da Ikoyi Club 1938 a Legas. Mutumin Garwa yana da zaɓi biyu: ya gangara Ngaundare ya hau jirgin ƙasa na dare ya wayi gari a Yawunde, ko ya ƙetara ta Yola. Mai niyyar Tiko kuwa ya fara tambayar mutanen can halin da hanya ke ciki, saboda rikicin da yankin Kudu maso Yamma ke fama da shi tun 2016.

Kafin ka sayi tikiti, buga waya ofishin sakataren kulob. Tambayoyin kaɗan ne: kuna karɓar baƙi? Sai da mamba, ko mutum na iya zuwa shi kaɗai? Waɗanne ranaku? Nawa ne kuɗin fili, nawa ne na kadi, wato mai ɗaukar jaka? Ana neman shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna matsayin wasanka? Rubuta sunan wanda ya amsa maka. Da na yi wannan kiran na minti 5, da ban kwana a hanya a banza ba.

Mataki na biyu: ka zama wanda za a iya gayyata

Ba wanda ke son ya kawo baƙon da zai tare fili. Ba a ce sai ka gwanance ba, amma ka iya ɗaga ƙwallo sama mafi yawan lokuta, ka kuma san dokokin yau da kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce darasi a wurin kocin kulob. Kulob da yawa suna barin wanda ba mamba ba ya biya kuɗin darasi a filin atisaye, kuma wannan ita ce ƙaramar ƙofar da mutane ke mantawa da ita. Bayan darasi 5 ko 6, koci ya san fuskarka, 'yan kadi sun san sunanka, mambobi sun saba ganinka. Koci yana iya fita da kai rami 9 a matsayin darasi, ka ga ka taka filin ke nan ta halastacciyar hanya.

Sai maganar handikaf. Lamba ce da ke nuna matsayin wasanka. Cikakken fili rami 18 ne, kuma galibi ana sa ran gwani ya gama shi da bugu 72. Wanda ke gamawa da bugu 90 ko kusa da haka, handikaf ɗinsa na wajen 18. Tun 2020 aka haɗe tsarin a duniya, mafi girman lamba ita ce 54, kuma ana fara ba ka ita ne bayan ka miƙa sakamakon rami 54, wato zagaye 3 cikakku, da sa hannun wanda ya buga tare da kai. Wasu wurare suna da iyaka: a tsohon filin St Andrews ba a karɓar wanda ya haura 36. In an tambaye ka lambarka, faɗi gaskiya. Wanda ya ce shi 12 ne alhali 30 yake, rami na biyu zai tona masa asiri, kuma kunyar ta mai masaukinsa ce.

Mataki na uku: nemo mai yi maka iso

Nan ne kan maganar, don haka zan ɗan zauna a kai.

Da ɗan gari kan ci gari. Zauna ka lissafa mutanen da ka riga ka sani: manajan bankin da kake ajiya, likitan da ya duba mahaifiyarka a Yawunde, tsohon hafsan soja na unguwarku da ya yi ritaya, mai kamfanin da kake kai wa gyaɗa ko albasa ko shanu, ɗan ajinku da ke aiki a ofishin jakadanci. A cikin irin waɗannan ake samun mambobi. In babu ko ɗaya, cikinsu akwai wanda ya san mamba. Bari mutane su san kana koyon wasan, ka faɗa a majalisa, ka faɗa a wurin ɗaurin aure. Masu golf suna son hirar golf fiye da yadda kake zato.

Abin da ba a yi shi ne ka haɗu da mutum yau ka ce gobe ya kai ka. Yawancin kulob suna ƙayyade sau nawa mamba zai kawo baƙo ɗaya a shekara, kuma dole ya kasance tare da kai daga ramin farko har na ƙarshe. Kana roƙon safiyarsa guda ne da kuma sunansa. Saboda haka ka buɗe masa hanyar da zai iya cewa a'a ba tare da jin nauyi ba.

Ni wanda ya yi mini iso na farko wani dattijo ne, abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin banki. Na kai masa gaisuwa bayan la'asar, muka sha shayi, na ba shi labarin darussan da nake ɗauka da yadda ƙwallona ke karkata dama. Ya yi dariya, ya miƙe, ya ɗauki sandar dogarawarsa ya nuna mini yadda zan gyara riƙo. Sai da zan tashi na ce, "Kawu, in wata rana abokin wasanka ya sami uzuri, kana neman wanda zai cike gurbi, ina gari har ƙarshen wata. In kuma babu hali, wallahi ba komai." Ya ce, "To, ɗana, Allah ya kai mu." Ban sake tayar da maganar ba. Kwana 9 bayan haka ya kira ni da daddare: "Talata, ƙarfe 7. Ka zo da riga mai kwala."

Ka lura da abubuwa uku a maganar: na faɗi lokacin da nake gari, na bar masa zaɓin rana, na kuma ba shi mafita. In mutum ya ce "sai mun gani" sau biyu, a'a ce cikin ladabi, ka bar shi ka ci gaba da zumunci. Kuma kada ka nemi safiyar Asabar ko Lahadi, lokacin mambobi ne da gasarsu. Talata zuwa Alhamis da sassafe ne fili ke da sarari.

Wani abu da na ga yana ɓata wa mutane suna: an gayyace ka kai kaɗai, sai ka zo da ƙaninka da direba da wani aboki "su yi kallo". A gidan biki wannan ba laifi ba ne. A nan kowane kai sai an rubuta shi a littafi. Zo kai kaɗai.

Mataki na huɗu: in babu mamba, a gwada takarda

Kulob-kulob suna da yarjejeniyar karɓar mambobin juna. In ka zama mamba a wani ƙaramin kulob mai sauƙin kuɗi, sakatarenku zai iya ba ka takardar gabatarwa zuwa wani, ko kocinku ya kira kocinsu. Ga mai yawan tafiya tsakanin Kamaru da Najeriya wannan ya fi komai amfani, don takarda ɗaya na iya buɗe ƙofofi da yawa. Tambayi jerin kulob ɗin da suke da yarjejeniya da su kafin ka biya kuɗin shiga.

Ko ba ka da kulob, kana iya rubuta wa sakatare da kanka, da Faransanci a Yawunde, da Turanci a Tiko da Najeriya. Gajeriyar wasiƙa: sunanka, garinku, sana'arka, handikaf ɗinka ko sunan kocin da ya koya maka, ranaku 2 ko 3 da za ka iya, da cewa za ka bi duk lokacin da suka ga ya dace. Aika ta mako 3 ko 4 kafin tafiya. Kada ka jero muƙamai da sunayen manyan da ka sani. Sakatare ya ga irin wannan har ya gaji, wasiƙar mai tawali'u ce ke tsaya masa a rai.

Akwai kuma gasa. Buɗaɗɗiyar gasar kulob tana karɓar 'yan wasa daga waje in suna da handikaf. Bankuna da kamfanonin waya da na inshora kan ɗauki nauyin ranar golf su gayyaci abokan hulɗarsu, ƙungiyoyin agaji kuma kan sayar da gurbin mutum 4 don tara kuɗi. In kana hulɗa da irin waɗannan kamfanoni, gaya wa wanda ke kula da asusunka cewa kana bugawa. Otal ɗin da ke kusa da fili shi ma a tambaye shi, wasu suna da tsari na musamman don baƙinsu.

Hanya ɗaya ce zan hana ka: ka ba mai gadi ko kadi na goro ya shigar da kai ta baya. Kai za ka koma Garwa, shi ne zai rasa abincinsa.

Mataki na biyar: gama maganar kuɗi, tufafi da addini tun a waya

Da an ba ka rana, tambayi mai masaukinka yadda ake biya. Ka nuna kana son biyan kuɗin filinka da na kadinka. In ya ce a'a, sake tayi sau ɗaya, sannan ka yi godiya ka bari. A wasu wuraren baƙo ba ya iya biyan komai a kanta, a asusun mamba ake rubutawa, to sai ku daidaita a keɓe, ba a gaban mutane ba. Riƙe ƙananan takardun sefa ko naira a aljihu, don ihsanin kadi hannu da hannu ake ba da shi. Tambayi mai masauki abin da aka saba bayarwa, ka ɗan ɗora a kai.

Tufafi: riga mai kwala a cusa ta cikin wando, wandon yadi, takalmin golf ko na motsa jiki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Ban da jins, ban da silifa, ban da rigar ƙwallon ƙafa. Babbar riga da jallabiya su jira ka a mota. Wasu kulob suna da dokar cire hula a ɗakin cin abinci, an yi ta ne don hular wasa, amma in kana son zama da hularka ta gida, faɗa wa mai masauki tun da wuri ya san abin da zai ce. 'Yar'uwa mai son bugawa, ki tambayi sakatare ko shugabar mata ta kulob game da ɗankwali ko ƙaramin hijabi da riga mai dogon hannu. Tambaya kafin zuwa ta fi gardama a bakin ƙofa.

Abubuwa biyu kan zo wa Musulmi ba shiri. Na ɗaya, 'yan wasa da yawa suna ɗora ɗan kuɗi a kan wasa, wanda ya sha kaye ya biya. Tun kafin bugun farko ka ce, da murmushi, kai ba ka sa kuɗi amma a lissafa da kai a maki. Na biyu, bayan wasa ana zama a sha abin sha, kuma akwai giya a wurin. Zaman nan yana da muhimmanci, a nan ake sanin juna. Nemi teburi a baranda, ka ce a kawo maka shayi ko lemo. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin haka ba in an faɗa da sakin fuska.

Rami 18 kan ci awa 4 ko fiye. Wanda ya fara ƙarfe 7 zai gama kafin azahar. In da rana za a fara, zo da alwala da ƙaramar darduma a jaka, ka gaya wa abokan wasa za ka tsaya bayan rami na 9, inda dama ake ɗan hutawa. Ranar Juma'a rami 9 ya ishe ka. Mu da muka saba da zafin Maris da Afrilu kan raina rana, amma tafiyar kilomita 7 ko 8 ce a ƙafa, filin Yawunde kuma hawa da gangara ne. Sha ruwa a kowane rami.

Mataki na shida: a cikin fili

Iso minti 45 kafin lokaci, amma kada ka riga mai masaukinka shiga ɗakin mambobi. Jira shi a wajen ajiye motoci ko ofishin koci, ya zo ya rubuta ka a littafi. Sanduna kada su wuce 14 a jaka. Waya a kashe mata ƙara. Hoto sai ka tambaya, kuma kada ka ɗauki fuskar kowa, don akwai manyan da nan ne kaɗai suke samun sakewa.

Sauri ya fi gwaninta daraja a wurin mambobi. Ka shirya kafin layinka ya zo. Ƙwallo in ya ɓace, minti 3 doka ta ba ka ka neme shi, tun gyaran dokoki na 2019. In ka yi bugu 8 ko 9 a rami ɗaya ba ka kai ba, ɗauke ƙwallonka ka ce a ci gaba, ba wanda zai raina ka. In na bayanku sun matso kuma gabanku babu kowa, mai masauki ne zai ce a ba su hanya.

Lokacin da wani zai buga, tsaya cik, ka yi shiru, kada inuwarka ta faɗa kan ƙwallonsa, kada ka taka layin da ke tsakanin ƙwallonsa da rami. In naka ya nufi mutane, ɗaga murya ka ce "Fore!", masu Faransanci kuma kan ce "Balle!" Ƙasar da sandarka ta ɓantare, mayar da ita ka danne da ƙafa. In ka shiga kwarin yashi, share sawunka da manjagara. A wasu filayen ƙasashenmu masu ƙarancin ruwa, kewayen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, ana jan wani abu a kai a daidaita shi kafin bugu da bayansa. Kalli yadda kadi ke yi ka bi shi.

Kadin nan ka girmama shi. Tambayi sunansa ka riƙa kiransa da shi. Wanda ya ɗauki jakata ranar farko ɗan Marwa ne, da ya ji Hausa a bakina sai fuskarsa ta washe. A rami na 4 ya tsuguna ya dubi kwanciyar ciyawa, ya nuna mini wani busasshen ganye taki ɗaya hagu da rami, ya ce, "Yallaɓai, nan za ka nufa, ƙasar za ta kawo shi da kanta." Haka kuwa aka yi. Su ne suka fi kowa sanin filin, kuma abin da suka faɗa game da kai bayan ka tafi yana isa kunnen sakatare.

Maganar kasuwanci kuma, bar ta a aljihu. Na san da yawa don ita suke son shiga. Amma wanda ya zaro takardar neman kwangila a rami na 3 ya ci amanar wanda ya kawo shi. In an tambaye ka sana'arka, amsa a taƙaice. In wani yana son ƙarin bayani, shi zai nemi lambarka.

Bayan an gama

A rami na 18 a cire hular wasa a yi musabaha da kowa, har da 'yan kadi. Sallami kadinka kafin ka zauna. A daren ranar aika wa mai masauki saƙon godiya, ka ambaci wani abu takamaimai da ya faru a wasan. In ka koma gida ka sami mai tafiya, aika masa da tsarabar Arewa, kilishi mai kyau ko zumar Adamawa. Kada ka koma kulob ɗin kai kaɗai ka ce "ni baƙon wane ne" ba da saninsa ba, kuma kada ka ba wani lambarsa sai ka tambaye shi.

Ni kilishi na aika wa Kawu, ƙunshi biyu, ɗaya nasa ɗaya na ɗan Marwan nan. Bayan wata 2 na sake sauka Birkitiri, ban ko gama kwance kaya ba waya ta yi ƙara. Ya ce, "Ɗana, an ce ka shigo gari. Alhamis muna da gurbi, kuma kadinka yana tambayarka."